Jiƙon da na yi wa Malam a Alƙahira

Na daɗe ina ɗaga rubuta wannan labari, don ba abin alfahari ba ne mace ta fito ta ce da hannunta ta kwantar da mijinta a asibiti. Amma shekaranjiya, a zauren matan ɗalibai da muke hira ta waya, na ga wata ta sako hoton saiwoyi da 'ya'yan itatuwan China tana cewa a haɗa a jiƙa a sha, wai yana wanke jiki. To bari in faɗa. Wadda za ta yi mini dariya ta yi, ni ma yanzu nakan yi, in dai za ta daure ta karanta har ƙarshe.

Sunana Saudatu, 'yar Malumfashi ce ni. Mijina Malam Sanusi ya shekara bakwai a Alƙahira yana karatu, lokacin da abin ya faru yana dab da gama risalarsa ta dakta a usulul fiƙhu. Ni da 'yarmu Hafsa mun biyo shi shekara uku da suka wuce. Muna zaune a Madinat Nasr, a wata shaƙƙa, wato sashen haya a bene, hawa na huɗu, gidan da babu asansir, na'urar hawa bene, sai dai ka taka da ƙafarka. Malam dogo ne, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. In ya zauna gaban littattafansa sai na taɓa kafaɗarsa yake sanin rana ta faɗi.

Da sanyin bara ya shigo, tari ya kama shi. Wanda bai yi sanyin Masar ba zai ce ina zuzutawa, amma sanyi ne mai shiga ta ƙasan tayil ya kama mutum a ƙashi. Malam ya yi sati uku yana tari, ya rame, ga shi an sa masa ranar munaƙasha, ranar da zai zauna gaban malamai ya kare risalar, saura wata uku. Duk hankalina yana kan ranar nan. Shekara bakwai na mutum ne za a auna a yini ɗaya, kuma ba na son ya je yana tari a fuskar shehunnai.

Ƙofarmu na kallon ƙofar wasu Musulmin China, mata da miji, su ma karatu ya kawo su. Matar muna ce mata Ummu Yusuf. Larabcinta na littafi ne, nawa na kasuwa, amma mun saba har muna aron tukunya. Ta ji tarin Malam ta bango, sai ga ta wata rana da kwanon romon kaza mai wani ƙamshi da ban taɓa ji ba. Malam ya sha, ya yi gumi, ya ce ya ji daɗin ƙirjinsa. Washegari na je godiya, na kuma tambaye ta abin da ta sa.

Ta zazzage mini wata leda a kan tebur. Akwai jajayen 'ya'ya busassu masu kama da magarya amma sun fi ta girma, akwai wasu ƙanana kamar zabibi, akwai wata farar saiwa da aka fere falle-falle, sai wata saiwa mai ruwan ɗorawa a ciki, an yanka ta kamar kwabbai. Ta ba ni ɗaya ta ce in tauna. Zaƙi ya cika mini baki har maƙogwaro.

Ta ɗaga yatsu biyu ta ce, “Wannan biyu kawai. A tukunya guda, da kaza. Sau ɗaya a sati. Tari ya tafi, khalas, ki daina.”

Ina so a fahimce ni a nan, don wasu sun so su ɗora wa Larabcinmu laifi. Babu abin da ban ji ba. Na ji biyu, na ji sati, na ji khalas. Na yi godiya na karɓi ledar, na tsallaka gida ina cewa a raina, Allah sarki Sinawa, komai nasu ɗan tsito. Su da suke cin shinkafa da tsinke, ai dole maganinsu ya zama kwabo biyu. Mijina Bahaushe ne mai kai wa ƙofa tsawo, me yanka biyu za su yi masa?

Ni kuwa a gidan jiƙo na tashi. Mahaifiyata tana da tulu a bayan ƙofar ɗakinta wanda ba ya rabo da sassaƙe da saiwoyi. In ruwan ya yi ƙasa a ƙara, kowa ya wuce ya kamfata, haka za a yi ta sha har sai ya salamce, sannan a zubar a sa sabo. Abin da na sani ke nan: magani jiƙa shi ake yi, kuma yawan sha ne ke sa ya ratsa jiki. Na kuma taso da cewa abin tsoro shi ne mai ɗaci. Abu mai zaƙi kamar rake ban taɓa kawo wa raina zai cuci mutum ba.

Na hau maikurobas, ƙaramar motar haya, har kasuwar Ataba na sayo wata ƙatuwar kwalba mai murfi, irin wadda Misirawa ke tsuma zaitun a ciki. Na tafasa ruwa, na watsa cikin tafin hannu na kowane iri, mai zaƙin har da ƙari. Sannan na ga abin bai yi kama da namu ba, na daka citta da kanumfari da masoro na zuba. Da ya kwana ya yi jawur. Na tace na miƙa wa Malam kofi guda, ya shanye, ya ce, “Sannu, Maman Hafsa. Allah Ya yi albarka.” Daga ranar kofi da safe, fulas guda ya tafi da shi ɗakin karatu, kofi bayan abincin dare.

Cikin kwana goma tari ya tafi. Ku zo ku ga yadda nake tafiya a gidan nan, kai ka ce ni na ƙirƙiro likitanci. Da ledar ta ƙare ban koma wa Ummu Yusuf ba, don kada ta ga saurin ƙarewar ta yi magana. Na nemi wani ɗan shagon Sinawa da ke sayar da kayan miyarsu, na nuna wa mai shagon guntun saiwar da na rage, ya auno mini. Ban tambayi sunanta ba, shi ma bai tambaye ni me zan yi da mai yawa haka ba. Ni da Hafsa ba ma sha. Na Malam ne, mai aikin ƙwaƙwalwa, ba na son a rage masa.

A sati na biyar ya fara ciwon kai, daga ƙeya yake taso masa. Ya ce karatu ne. A sati na shida na lura in ya cire safa sai shatinta ya zauna a ƙafarsa ya ƙi tashi, takalminsa na zuwa masallaci kuma ya fara matse shi. Fuskarsa ta ɗan ciko. Ni da wautata har na yi murna, na ce Malam ya fara ƙiba.

Mahaifiyarsa, Inna, takan kira duk Juma'a daga Katsina. Malam ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta ma cika yarda su yi doguwar magana ba, ni take tambaya. Na gaya mata ƙafa na kumbura. Ta ce sanyi ne, a shafa man zaitun da tafarnuwa. Yayar mahaifinsa ta aiko saƙon murya cewa a nemi habbatus sauda da zuma. Wani abokinsa ya ce bakin mutane ne, tunda an ji munaƙasha ta matso, a dage da azkar. Duk mun yi. Ni kuma na ƙara da nawa: na ce jikin Malam ya yi rauni, sai na mai da fulas ɗin biyu.

A sati na bakwai ya tsaya a saidaliyyar ƙasan gidanmu sayen maganin ciwon kai, mai shagon ya ce bari ya auna jininsa. Ya auna, ya sake aunawa a ɗaya hannun, ya ce maza ya ga likita yau. Muka je wani ƙaramin asibiti a unguwar, muka zauna daga La'asar har bayan Magariba. Likitan ya ce hawan jini ne, ya yi mamaki ga mutum siriri da bai kai arba'in ba. Ya tambaya ko yana shan wani magani. Malam ya ce a'a. Ni ma ina zaune na gyaɗa kai, don a wurina magani shi ne abin da ke cikin kwali. Ya tambaya ko yana shan irk sus, baƙin abin shan nan da Misirawa ke sayarwa a titi, wanda ya fi yawa da azumi. Malam ya ce bai taɓa kai shi bakinsa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Likita ya rubuta ƙwaya mai sa yawan fitsari, ya ce mu dawo bayan sati biyu.

Kumburin ya ɗan saɓe, amma sai ƙafafun suka fara mutuwa. Jijiyar ƙwaurinsa takan ɗaure har ya cije leɓe. Hawa huɗun nan da yake haurawa yana karanta wuridinsa, ya koma tsayawa a kowane hawa, ya ciro waya yana dubawa kamar an aiko masa saƙo. Ina leƙensa ta saman bene, na san babu saƙon kowa. Ya fara sallar nafila a zaune. Ya ce mini wani lokaci zuciyarsa takan yi kamar ta tsallake bugu ɗaya. Na ce mu koma asibiti, ya ce bari ya miƙa babin ƙarshe ga mushrif ɗinsa, malamin da ke duba risalar, tukuna.

Ranar wata Talata, a sati na tara, yana sallar Azahar a falo ni ina kicin. Na ji shiru ya yi yawa. Na leƙo na same shi a sujada. Na koma na juya miya na dawo, yana nan yadda yake. Sai na ji muryarsa a ƙasa, cikin darduma: “Maman Hafsa, zo ki ɗaga ni. Hannuwana sun ƙi.”

Ban san na iya ihu da Larabci ba sai ranar. Mijin Ummu Yusuf da bawwab, mai gadin gidanmu, su suka ɗora shi a kujerar roba suka sauko da shi hawa huɗu. Malam yana ta ba su haƙuri, wai ya wahalar da su. Na tura Hafsa cikin ɗakin Ummu Yusuf ko takalmi babu, muka tari tasi.

A cikin tasin na kira Hajja Asha. Bahaushiyar Sudan ce, dattijuwa, kakanninta daga Kano suka tashi za su Makka da ƙafa suka zauna a hanya. Tana yi wa mata lalle da dilka a unguwarmu, kuma babu asibitin Alƙahira da ba ta san ƙofar bayansa ba. Kafin mu isa ta riga mu. Ba don ita ba da ban san inda zan sa kaina ba. Wannan taga ta ce sai fasfo, waccan ta ce sai hoton iƙama, takardar izinin zama, ta uku ta ce a biya tukuna, ga Malam a kan keken marasa lafiya kansa ya langaɓe. Wani ma'aikaci ya ce mu jira layi. Hajja Asha ta gyara lafayarta ta buɗe masa murya, ban ji rabin abin da ta faɗa ba, na dai ga an turo gado.

Ta dafa ni ta ce, “Ya bitti, 'yata, share hawayen nan. Nan ba a kuka, takarda ake riƙewa da kyau. Yalla, bi su.”

Aka ɗebi jini, aka manna masa wayoyi a ƙirji. Wata likita matashiya mai tabarau, ba zan faɗi sunanta ba amma kullum tana cikin addu'ata, ta fito da takarda tana tafiya da sauri. Kalma ɗaya ta maƙale mini daga bakinta: botasiyum. Ta ce wani gishiri ne a cikin jini da nama da zuciya ke aiki da shi, na Malam ya zube ƙasa warwas, kuma in ya ƙara sauka zuciya na iya tsayawa. Ta ce ƙwayar fitsarin ta ƙara kwashe shi, a daina. Aka sa masa ƙarin ruwa mai maganin a ciki. Ruwan nan yana da zafi a jijiya, na ga mutumin da ko allura ba ya yamutsa fuska yana hawaye ta gefen ido. Na riƙe ɗaya hannun ina murzawa, ina jin tausayinsa kamar in karɓi ciwon.

Kwana na farko aka ce botasiyum ɗin ya ɗan hau. Kwana na biyu ya sake sauka. Likitar ta ce kamar ana zuba ruwa a kwando, akwai inda yake zurarewa, kuma ba ta gano ba. Aka yi hoton ƙoda, aka sake ɗibar jini, ana maganar wani gwaji mai tsada da sai an kai wani wuri. Ɗaliban garinmu suka yi karo-karo ba tare da mun roƙa ba, Allah Ya saka musu. Ta sake tambayarmu irk sus, muka sake cewa a'a.

Abin da ban gaya mata ba, don ban ga abin faɗa a ciki ba, shi ne kullum da safe in na je gida na yi wanka na duba Hafsa, nakan ciko fulas. Abincin asibitin ba ya masa daɗi, na ce aƙalla ya samu abin da zai riƙe shi. Ina tallafo kansa da hannuna in ba shi a baki. Suna zubawa ta jijiya, ni ina kwashewa ta baki, kuma ina ganin babu matar da ta kai ni iya jinya.

A kwana na uku Ummu Yusuf ta zo dubiya da rana. Ta tarar ina tsiyaya masa a murfin fulas. Ta tsaya, ta shaƙi ƙamshin, ta miƙo hannu ta karɓa ta ɗan kurɓa. Na ga fuskarta ta canja. Ta ajiye murfin nesa da shi, ta ja hannuna zuwa baranda.

“Nawa kike sawa?”

Na nuna mata cikin tafin hannuna.

“Tun yaushe?”

Na ce tun ranar da ta ba ni. Kullum.

Ta dafe bakinta da hannu biyu. Sannan ta fara magana da sauri, Larabcin yana kakkarye mata, tana haɗawa da yarensu. Abin da na tsinta shi ne a garinsu kowace tsohuwa ta san saiwar nan ba a yawaita ta, ba a daɗewa a kanta, mai hawan jini ma ba ya kusantarta. Ta ce kaɗan ake sawa don ta daidaita sauran. Tana kuka tana cewa laifinta ne da ta ba ni. Na ce mata ba laifinta ba ne, kuma gaskiya tsantsa na faɗa mata.

Ta ce, “Ki gaya wa daktora. Yanzu.”

Ba zan yi ƙarya ba, ban tafi yanzun ba. Na zauna a bencin baranda kusan awa guda da fulas a cinyata. Shaiɗan ya zo mini da shawara mai kyan gani: ki zubar a bayi, ki daina ba shi, zai warke, babu wanda zai sani. Na tuna Inna. Na tuna dangin Malam da za su ce an kai yarinya Masar ta je tana haɗa wa ɗansu saiwoyi, kuma kun san abin da ake nufi in an ce mace na ba miji saiwa. Na tuna shi kansa, yadda zai dube ni. Amma na ga ana tura wani a gado an rufe shi har kai, matarsa na bin bayansa ba takalmi. Na ce in likitar nan ta ci gaba da neman ciwo a inda babu shi, ta ba shi wani maganin da zai ƙarasa shi, me zan gaya wa Allah? Na tashi na tafi neman likitar.

Na same ta tana rubutu a teburin nas-nas. Akwai guntayen saiwar a jakata, na zube mata su tare da fulas ɗin. Ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta gatsa, ta tofar a takarda.

“Ya madam, wannan ai shi ne irk sus. Sau nawa na tambaye ku?”

Ashe abu ɗaya ne. Na Misirawa a jiƙe yake baƙi a tulun mai talla, na Sinawa a yanke yake fes a leda, ni kuwa ban taɓa ganin saiwar na Misirawan ba balle in haɗa su. Ta taho da ni har gaban gadon Malam tana faɗa, faɗa na gaske, marasa lafiyan ɗakin duk suka juyo. Ta ce wata biyu ina shayar da shi abin da ke riƙe ruwa da gishiri a jiki yana zubar da botasiyum, ta ce saura ƙiris in zama bazawara da hannuna. Ban ɗago kai ba, don ban ga ƙarya a maganarta ba.

Sai Malam ya ɗaga hannun da babu allura, da ƙyar, ya ce da Larabcinsa na malamai, “Daktora, ki sassauta mata. Ita ta ba ni, amma ni na sha. Kuma ita ce ta kawo miki da kanta.” Likitar ta dube shi, ta dube ni, ta ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ta ɗauke fulas ɗin ta tafi da shi.

Da aka bar mu, na durƙusa a gefen gadon na ce ya yafe mini. Ya ce babu abin yafewa. Sannan ya ce, “Maman Hafsa, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ni ma ina da tawa. Tun kofin farko ba na son abin nan. Zaƙinsa tsaya mini yake a wuya. Kuma na fi sati uku ina lura in na sha zuciyata takan yi ta bugawa.”

Na ɗago na dube shi. “Shi ne ba ka faɗa ba?”

“Na ga yadda kike murna in na shanye. Kin bar 'yan'uwanki kin biyo ni ƙasar da ba ki san kowa ba, kin samu abu guda da kike jin kina taimakona da shi. Na kasa.”

Wallahi da ba a kwance yake ba da na yi masa rashin kunya. Na ce, “Malam, kai da kake rubuta littafi guda a kan dalili da hujja, ka ga hujja a ƙirjinka ka yi shiru don kada matarka ta ji kunya? Da ka mutu fa, murnar tawa in kai ta ina?” Ya ce in rage murya, mutane na ji. Na ce su ji, ai ba Hausa suke ji ba.

Daga ranar botasiyum ɗin ya fara tsayuwa a jininsa, amma a hankali. Likitar ta ce saiwar takan bar aikinta a jiki har makonni bayan an daina. A kwana na shida ya zauna da kansa. A na bakwai ya taka zuwa bayi yana dafe da kafaɗata, mutumin da ya fi ni tsawo da kai guda, ina jin nauyinsa ina godiya ga Allah da nauyin. A kwana na tara aka sallame mu da ƙwayoyi da sharaɗi: ayaba, lemo, dankali, gishiri kaɗan, a dawo gwajin jini duk sati. Munaƙasha kuwa ta wuce mu, don ranar ta zo bai gama warwarewa ba. Aka ɗaga ta wata huɗu, da duk abin da hakan ya jawo na sabunta iƙama da zaman da ba mu shirya ba. Bai taɓa ambata mini wannan ba ko sau ɗaya, ni ce nake ambata wa kaina.

Ranar Juma'a Inna ta kira. Malam ya riga ya gaya wa kowa cewa wani abin sha ne bai karɓe shi ba, ya tsaya a nan. Ta ce, “Yaya mai jikin?” Na ce da sauƙi. Sannan na rufe ido na gaya mata komai, har da fulas na asibiti. Sai ta ce, “To. Ke kin yi wauta, shi ma wancan ya yi wauta. Allah Ya tsare gaba. Ki riƙe shi da kyau.” Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Ina godiya ga Ummu Yusuf, wadda ta riƙe Hafsa kwana tara har yarinyar ta koyi cin taliya da tsinke. Ina godiya ga Hajja Asha da likitar da ta yi mini faɗa. Ina da ƙorafi a kan tagogin da ke tambayar takarda alhali mutum na mutuwa a gabansu, da kuma likitan farko da bai ce mu lissafa masa duk abin da ke shiga bakin Malam ba. Amma babban ƙorafina a kaina yake. 'Yan'uwa mata, maganin wasu mutane da awonsu yake zuwa. In an ce biyu, biyun ake nufi. Kada ki ɗauki saiwar da ba ki san sunanta ba ki yi mata jiƙon gidanku, kuma in likita ya tambaya, ki faɗi har ruwan da kike dafa masa, ki bar shi ya tace.

Saura abu ɗaya. Da muka dawo gida, sai na kasa girki. In na ɗauki ludayi sai in ga kamar duk abin da na zuba guba ne. Sai na koma sayo abinci a waje, yau kushari, gobe gasasshiyar kaza, jibi Hajja Asha ta aiko. Na ce masa gajiyar jinya ce. Kwana goma sha biyu muna haka. A rana ta goma sha uku na ajiye masa ledar abinci, ya ture ta gefe. Ya miƙe yana bin bango har kicin, ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa.

“Na gaji da abincin titi, ga shi duk gishiri. Tuwo nake so, miyar kuɓewa. Daga hannunki.”

Na ce ina tsoro.

Ya ce, “Na sani. Ɗora tukunyar, ina nan zaune.”

Na ɗora. Ina yi ina nuna masa duk abin da zan zuba, yana gyaɗa kai kamar mai duba jarrabawa. Na tuƙa, na kwashe, na ajiye a gabansa, na koma gefe na tsaya da hannuwa a baya. Ya yi bismilla ya kai loma ɗaya, ya tauna a hankali, ya ajiye hannu.

“Maman Hafsa, tuwon nan ya yi gudaji. Miyar kuma kin tsinka ta da yawa.”

Shekara tara da aurenmu, ranar ce ya fara kushe girkina. Na zauna a ƙasan kicin ina kuka ina dariya, shi kuma ya ci gaba da ci har ya side kwanon.